Ruwa Da Mulki A Gidajen Zuhudu Na Ingila

Yau Ingila za mu leƙa, shekaru sama da 800 baya, mu ga yadda 'yan zuhudu, wato Kiristocin da suka keɓe kansu don ibada, suka riƙe ruwa a hannunsu.

Mu fara da Kantabari. Wajen shekarar 1165, zamanin shugabansu Wibert, an zana taswirar ruwan gidan zuhudun da ke haɗe da babbar majami'ar garin, kuma har yau tana ajiye a Kambirij. Daga idon ruwa a wajen ganuwa suka janyo ruwan cikin bututun dalma. Kafin ya shigo sai ya ratsa tankuna 5, laka na kwantawa a kowanne. Daga nan a raba shi: ɗakin majinyata, wurin wanke hannu, madafa, gidan burodi, ɗakin wanka. Wanda aka gama amfani da shi ma ba a barinsa haka nan, shi ake korawa ya wanke masai kafin ya fita garin.

To amma fa jama'a, ruwan nan har kuɗi yake kawowa. A St Albans, arewa da Landan, gidan zuhudu ne ke da injinan niƙa da kogi ke juyawa. Dokarsu ita ce kowa a garin ya kai hatsinsa can, a niƙa masa, a cire kaso. Mutane suka ƙi, suka ci gaba da niƙa a gida. Wajen 1331 shugaban gidan, Richard na Wallingford, ya ci galaba a kansu. Aka karɓe duwatsun niƙansu, ya sa aka shimfiɗe daɓen wani ɗaki da su. Ka ji wulaƙanci!

Mutanen garin ba su manta ba. Shekara 50 bayan haka, a boren talakawa na 1381, suka kutsa ɗakin, suka tone duwatsun, suka farfasa, kowa ya tafi gida da guntunsa. Sai dai an murƙushe boren, gidan zuhudun ya dawo da ikonsa.

Ke nan gwanintar da ta kai ruwa mai tsabta ga majinyata ita ce ta ba su ikon cin kaso a tuwon talaka. Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa, sai mun haɗu a shiri na gaba.