Silimarin: Abin da Yake Yi wa Hanta da Iyakar Amfaninsa

Mene ne silimarin?

Silimarin haɗin sinadarai ne da ake tacewa daga 'ya'yan wani tsiro mai ƙaya da ke fitowa a ƙasashen gaɓar Tekun Bahar Rum. Masana na kiran tsiron Silybum marianum, a jikin kwalin magani kuma za ka ga an rubuta milk thistle, saboda fararen jijiyoyin ganyensa masu kama da zubar madara. Mafi ƙarfi a cikin sinadaran shi ne silibinin.

Yadda yake aiki

Yayin da hanta ke sarrafa magunguna, giya da sauran guba, takan samar da wasu sinadarai masu cin ƙwayoyin halittarta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. A gwajin ɗakin bincike da na dabbobi, silimarin yana kashe kaifinsu, yana ƙarfafa bangon ƙwayoyin hanta, yana kuma rage kumburi. Sai dai idan an sha shi, kaɗan ne hanji ke iya tsotsewa zuwa jini.

Abin da aka gani a jikin mutane

A Turai likitoci na ba da silibinin ta jijiya ga wanda ya ci laimar kwaɗi mai dafi, wato Amanita phalloides, domin yana hana dafin shiga ƙwayoyin hanta. Amma a wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2012, an gwada shi a kan mutum 154 masu ciwon hanta nau'in C tsawon mako 24, kuma bai rage sinadarin ALT, mai nuna raunin hanta, fiye da maganin wofi ba.

Saboda haka, idan kana da ciwon hanta nau'in B ko C, ka sani silimarin ba ya maye gurbin maganinka. Tenofovir ko entecavir su ne ke danne nau'in B, nau'in C kuwa ana warkar da shi da magani cikin mako 8 zuwa 12. Barin su domin silimarin na iya kai hanta ga ƙanƙancewa ko ciwon daji.

Illoli da gargaɗi

- Yakan jawo gudawa, kumburin ciki, tashin zuciya ko ƙaiƙayi.
- Yana iya sauke sukari, don haka mai ciwon suga ya riƙa gwaji.
- Mai juna biyu da mai shayarwa su guje shi.
- Ka duba lambar NAFDAC kafin ka saya, ka kuma sanar da likitanka duk abin da kake sha.

Idan idonka ya yi rawaya, cikinka ya kumbura, ko ka yi aman jini, garzaya asibiti nan take.