Algus da Danginta: Asalin Kalmomin Rashin Gaskiya a Hausa

Kalmar ƙarya ta gida ce, aikinta kuma a baki yake. Amma da yawa daga cikin kalmomin da Bahaushe yake tuhumar mutum da su a kan ciniki da amana daga Larabci suka shigo, kamar yadda Turanci ya ɗauko mendacity daga mendax ta Latin, alhali yana da tasa kalmar ta yau da kullum.

Algus, ko algushu, asalinta al-ghishsh ne. Hausa ta haɗiye "al" ɗin ta mayar da shi jikin kalma, yadda ta yi wa alƙali da albasa. Hanyar shigowarta ba ɓoyayya ba ce. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da ake biyawa a zaurukan ƙasar Zazzau har gobe, ta hana ɓoye aibin haja da cuɗa maras kyau da mai kyau. Daga bakin malamai kalmar ta gangaro kasuwa tana ɗauke da hukuncinta.

A yankin Ikara, Maƙarfi da Kudan, inda rake da kayan gwari suke riƙe da jama'a, ma'anarta a fili take. Kwandon tumatir da aka jera wa manya jajaye a sama, aka cusa ƙanana da rubaɓɓu a ƙasa, algus ne. Haka damin raken da aka lulluɓe siraran sanduna a tsakiyarsa, haka mudun da aka bubbuge wa gindi. Mai yin wannan yana iya wuni bai furta ƙarya ko ɗaya ba, hajarsa ce take yi masa. Wannan giɓin ne ƙarya ta kasa cikewa, shi ya sa aron ya zauna daram.

Ha'inci daga kha'in ya fito, mai cin amana, makirci kuma daga makir. Munafunci ne ya fi yin nisa da gida: a Larabcin Alƙur'ani munafiƙ shi ne mai bayyana imani yana ɓoye kafirci, a Hausa kuwa har mai kai gulma tsakanin maƙwabta ana kiransa munafuki.

Masu ganin waɗannan kalmomi duk abu guda ne sun yi kuskure. Kowace da laifin da take nunawa, kuma dillalin da aka ce ya yi algus ya san ba ƙaryar baki ake zarginsa da ita ba, haram ake cewa ya ci.