Sarrafa Wasiƙun Gmail da Maɓallan Kwamfuta

Wannan hanya ce da Gmail, wanda kamfanin Google ya buɗe a shekarar 2004, ya tanada domin mutum ya ratsa wasiƙunsa ba tare da ya ɗaga hannu daga kan maɓallai ba, bisa sharaɗin ya kunna ta a wurin saiti. Harafin j yakan kai shi ga tsohuwar wasiƙa, k kuwa ga sabuwa, al'adar da asalinta ke komawa ga manhajar vi wadda Bill Joy ya rubuta a 1976. Alamar # takan jefa wasiƙa kwandon shara, inda za ta yi kwana 30 kafin a shafe ta, jinkirin da haƙiƙa akwai hikima a cikinsa. Wanda kuma ya yi gaggawa ya goge bisa kuskure, harafin z yakan maido masa da ita nan take.