Henry Heimlich, Likitan Tiyatar Ƙirji

An haifi Henry Heimlich a garin Wilmington na Amurka a 1920, ya kammala karatun likita a Jami'ar Cornell a 1943. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu rundunar sojan ruwa ta tura shi ƙasar Sin, inda wani soja da aka harba a ƙirji ya cika a hannunsa. Abin ya tsaya masa a rai.

A farkon shekarun 1960 ya ƙera ɗan bututu mai harshen roba a ciki. Iska da jini na fita daga ƙirji ta cikinsa, amma da zarar iska ta nemi komawa sai harshen ya manne ya toshe hanya, huhun da ya motse ya samu sararin buɗewa. An yi amfani da shi sosai a yaƙin Biyetnam.

Abin da ya fito da sunansa kuwa shi ne dabarar ceton wanda abinci ya shaƙe, wadda ya wallafa a 1974. Mai ceto zai tsaya bayan mutum, ya rungumo shi, ya ɗora dunƙulen hannu sama da cibiya kaɗan, ya danna ciki zuwa sama da ƙarfi, iskar huhu ta tunkuɗo lomar waje.

Likitoci sun yi tir da shawararsa ta sanya wa masu ƙanjamau zazzaɓin cizon sauro da sunan magani, kuma da gaskiyarsu. Ya rasu a Cincinnati a Disamba 2016, yana da shekara 96.