Uwar na'urar sarrafa kayan gida: abin da ya kamata a sani kafin a saya

A gidajen zamani, ƙwayayen lantarki, da makullan ƙofa, da na'urorin gano motsi da na auna zafi, suna iya karɓar umurni daga wayar salula ba tare da an haɗa su da waya ko ɗaya ba.

Sai dai galibin waɗannan kayayyaki suna bukatar wata 'yar na'ura da za ta zauna a tsakiya, tana karɓar saƙonni tana kuma rarraba umurni. Ita ce uwar na'ura, wadda a Turance ake kira hub.

Zaɓen uwar na'urar shi ke tantance irin kayan da mai gida zai iya saye nan gaba, da kuma ko gidan zai ci gaba da aiki idan intanet ta ɗauke.

Harsunan da na'urorin ke magana da su

Akwai manyan tsare-tsare huɗu da kayayyakin ke amfani da su wajen sadarwa.

Na farko shi ne Wi-Fi, wanda ba ya bukatar uwar na'ura ta daban, amma yana cin wuta sosai, abin da ya sa bai dace da ƙananan na'urori masu aiki da batir ba.

Na biyu shi ne Zigbee, wanda aka amince da ƙa'idojinsa na farko a shekarar 2004. Yana aiki ne galibi a kan zangon gigahaz 2.4, yana kuma cin wuta kaɗan.

Na uku shi ne Z-Wave, wanda kamfanin Zensys na ƙasar Denmark ya ƙirƙiro, kuma kamfanin Silicon Labs na Amurka ya mallake shi a shekarar 2018. A tsarinsa na asali, uwar na'ura guda tana iya ɗaukar kayayyaki har 232.

Na huɗu shi ne Thread, wanda aka kafa ƙungiyar da ke kula da shi a shekarar 2014.

A watan Oktoban 2022 ne kuma aka ƙaddamar da Matter, wata ƙa'ida da kamfanonin Apple da Google da Amazon da Samsung suka mara wa baya, domin kayan kamfanoni daban-daban su fahimci juna. Matter yana hawa ne a kan Wi-Fi ko Thread ko wayar intanet, ba shi da zangon rediyo nasa na kansa.

Saboda haka tambayar farko ga mai saye ita ce: wane harshe kayan da ke gidansa ke ji? Uwar na'urar da ba ta da rediyon Zigbee ba za ta iya magana kai tsaye da ƙwan lantarki na Zigbee ba.

A cikin gida ko a hannun kamfani?

Wasu na'urorin suna gudanar da aikinsu ne a cikin gida. Wasu kuma sai sun aika kowane umurni zuwa manyan kwamfutocin kamfanin da ya ƙera su kafin fitila ta kama.

Wannan bambanci ya taɓa jawo wa jama'a asara. A watan Mayun 2016 kamfanin Nest ya rufe kwamfutocin da ke tafiyar da na'urar Revolv, lamarin da ya sa na'urar da aka saya a kan kimanin dala 300 ta daina aiki baki ɗaya.

A shekarar 2020 kamfanin Wink ya fara neman kuɗin wata-wata daga waɗanda suka riga suka sayi na'urarsa. A watan Afrilun 2022 kuma kamfanin Insteon ya rufe nasa kwamfutocin ba tare da gargaɗi ba, kafin wasu daga cikin masu amfani da kayansa su saye shi su farfaɗo da shi.

Wannan ne ya sa da dama suka koma ga manhajoji irin su Home Assistant, wadda Paulus Schoutsen ya fara a shekarar 2013. Kyauta ce, tana aiki a kan ƙaramar kwamfuta kamar Raspberry Pi, tana kuma adana bayanai a cikin gida. Amma kafa ta na bukatar ɗan ilimin kwamfuta da haƙuri.

Matsalar kayan da aka sayo daga waje

Z-Wave yana aiki a kan megahaz 908.42 a Amurka, a Turai kuma a kan 868.42. Uwar na'urar Turai ba za ta ji makullin da aka sayo daga Amurka ba.

Haka nan an ƙera kayan Amurka ne domin wuta mai ƙarfin volt 120, alhali a Najeriya da Nijar ana amfani da kimanin 220 zuwa 230. Soket ko ƙwan da bai dace ba yana iya ƙonewa da zarar an jona shi.

Yadda ake kafa ta

Ya fi kyau a ajiye uwar na'urar a tsakiyar gida, a sarari, nesa da ƙarfe da bango mai kauri. A kuma ɗan raba ta da na'urar rarraba intanet, domin Zigbee da Wi-Fi suna iya cin karo a zango ɗaya.

Zigbee da Z-Wave da Thread suna miƙa saƙo ne hannu da hannu, daga na'ura zuwa na'ura. Kayan da ke jone da wutar gida, kamar soket, su ne ke yin wannan dakon, masu batir kuwa ba sa yi.

Don haka ana fara haɗa masu wuta, daga na kusa da uwar na'urar zuwa na nesa, sannan a biyo da masu batir. Kowace na'ura a ba ta suna bayyananne, kamar fitilar zaure ko ƙofar baya.

Inda ake yawan ɗauke wuta, ya kamata a ɗora uwar na'urar da wasu soket-soket a kan inbata ko wutar sola, in ba haka ba saƙo zai rasa hanyar bi. Ƙofar da ke da makulli na zamani kuma ta kasance tana da mabuɗin hannu.

Tsaro

A watan Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da na'urorin intanet da ba a canza musu kalmar sirri ta kamfani ba, aka yi amfani da su wajen kai harin da ya tsayar da shafuka kamar Twitter da Netflix na wasu sa'o'i.

A watan Afrilun 2024 wata doka ta fara aiki a Birtaniya, wadda ta haramta sayar da irin waɗannan kayayyaki da kalmar sirri mai sauƙin canka.

Matakin farko bayan kunna uwar na'ura shi ne canza kalmar sirrinta, sai sabunta manhajarta a kai a kai, da kuma ajiye kwafin tsarin gidan a wani wuri daban, domin kada a sake aikin daga tushe idan na'urar ta lalace.