Jami'a Ta Ɗauki Waƙa, Ta Bar Kotso a Bakin Ƙofa

Wanda ya tashi daga Ɗan Isa ya bi ta Ƙauran Namoda ya miƙe arewa zuwa Shinkafi, to ya ratsa ƙasar da ta ba Hausa wasu daga cikin manyan makaɗanta na fada. A nan kusa Tubali take, mahaifar Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Idan aka karkata yamma kuma sai a faɗa ƙasar Maradun da Bakura, inda gidan su Musa Ɗanƙwairo ya fito. Duk da haka, yaron da aka haifa a wannan yanki, in ya gama sakandare yana son ya karanci kiɗa a jami'a, ya riƙa fitowa dandali tare da malamansa a ƙarshen zangon karatu kamar yadda ake yi a wasu wurare, sai dai ya yi doguwar tafiya. In ma ya isa, da wuya ya tarar da kotso a ajin.

A jami'o'in da ke da makarantar kiɗa, wasan da malamai da ɗalibai ke yi a gaban jama'a ba shagali ne kawai ba. Shi ne jarrabawa. Ɗalibi zai shafe watanni yana gwaji, sannan a sa rana, a buɗe zaure, ya nuna abin da hannunsa ya iya. Malami ma ba ya tsira: dole ya hau dandali lokaci zuwa lokaci, ɗalibansa na zaune suna saurare, domin a san cewa abin da yake koyarwa yana hannunsa, ba a bakinsa kaɗai ba. A Najeriya wannan tsari ya fara ne a Jami'ar Nsukka, wadda ta buɗe sashen kiɗa a 1961 ta kuma laƙaba masa sunan Fela Sowande. A Gana, Jami'ar Legon ta kafa makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo a 1962, inda J. H. Kwabena Nketia ya yi tsayin daka a kan cewa gangar gargajiya ta cancanci aji kamar yadda fiyano ya cancanta.

A wannan shekarar ta 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ta gaji sashen zane da sassaƙa daga tsohuwar kwalejin da ta gabace ta, sashen da ya riga ya yi suna tun ƙarshen shekarun 1950. A tsakiyar shekarun 1970 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a ƙarƙashin Michael Etherton, har aka gina dandalin nan na jar ƙasa mai siffar gidan Bahaushe a Samaru. Mai zane ya samu digiri, ɗan wasa ya samu digiri. Makaɗi bai samu ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. A Kudu, makarantun mishan sun daɗe suna yaye yara masu karanta rubutun kiɗa saboda waƙoƙin coci, don haka da jami'a ta buɗe ƙofa ta tarar da ɗalibai a tsaye. A Arewa boko ya shigo ta hanyar horar da malaman makaranta da ma'aikatan En'e, kuma babu kiɗa a cikin abin da ake so su iya. Sannan ga matsayin makaɗi a idon jama'a. M. G. Smith ya yi rubutu a kan roƙo a ƙasar Hausa tun 1957, ya nuna abin da kowa ya sani amma ba a cika faɗa ba: ana son waƙar, ana ba da doki da riga saboda ita, amma ba kowa ke son ya haɗa zuri'a da mai ita ba. Ga kuma tsohuwar muhawarar malamai a kan halaccin kaɗe-kaɗe, wadda ta faro tun kafin jihadi, shugabannin jihadin kuma suka yi rubuce-rubuce a kanta. Uban da ya sayar da amfanin gona ya kai ɗansa jami'a ba zai ji daɗin a ce masa ganga yaron ya je koyo ba.

Sai jami'a ta samo wata mafita, kuma a ganina ita ce ta tsara duk abin da ya biyo baya. Ta raba waƙa da kiɗa. Ta ɗauki kalmomin ta kai su sashen harsuna a matsayin adabin baka, ta bar gangar a waje. An yi aiki mai nauyi ta wannan hanya, ba na raina shi. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana a 1975. Sa'idu Muhammad Gusau, ɗan Zamfara ne shi ma, ya shafe rayuwarsa a Jami'ar Bayero yana tattara tarihin makaɗa, ya kuma shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka da ɗalibai ke bi har yau, da kalmominta irin su gindin waƙa da ɗiyanta. Aliyu Muhammad Bunza ya fitar da littafi sukutum a kan Narambaɗa. Ɗalibin Hausa a Sakkwato ko Kano zai iya feɗe maka Bakandamiya ɗa bayan ɗa, ya nuna maka zambo da habaici da kirarin kai. Miƙa masa kotso ka ce ya fitar da amon da aka ɗora waƙar a kai, sai ya yi dariya. Ba laifinsa ba ne, ba a taɓa tambayarsa ba.

Akwai lokaci guda da aka kusa cike wannan giɓi. A farkon shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta kafa Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya, wadda ta bambanta da sauran sassa domin tana da ƙungiyar makaɗa da masu rawa tata ta kanta. A nan manazarci da mai ganga suke aiki a ƙarƙashin rufi ɗaya, su shirya wasa su fito da shi gaban jama'a. Cikin wannan yanayi ne Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan kwaikwayo, aka buga shi a 1975.

A 1981 cibiyar ta yi baƙon da ba a saba ganin irinsa ba. Yusef Lateef, baƙar fatar Amurka da ya tashi a birnin Ditroyit, ya riga ya yi suna a duniyar kiɗan jaz da busa, yana kuma da digiri na uku a fannin ilimi. Ya zo Zariya yana da shekara sittin da ɗoriya a matsayin babban manazarci, ya zauna har 1985. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne sarewar Fulani makiyaya. Ya zauna da masu busa ta, ya koya daga gare su, shi da duniya ke kira gwani. A 1983 ya shiga ɗakin ɗaukar sauti a Legas tare da makaɗan Najeriya, aka yi faifan da ya fito da sunan *In Nigeria*. Shi da abokin aikinsa Ziky Kofoworola suka rubuta littafi a kan kiɗa da wasannin Hausawa, wanda ya fito a 1987. Wannan shi ne mafi kusa da abin da za a kira makarantar kiɗa ta jami'a a ƙasar Hausa: malami mai digiri da makaɗin gado suna gwaji tare. Sai dai cibiya ce ta bincike, ba ta yaye ɗalibai da digirin kiɗa ba, kuma da tattalin arzikin ƙasa ya karye a shekarun da suka biyo baya ba ta ɗore a siffarta ta farko ba. Lateef ya koma Amurka ya ci gaba da koyarwa a Masachusets har tsufansa.

Shekara uku bayan tafiyarsa, a 1988, jami'ar ta ba Mamman Shata digirin girmamawa. An yi murna, kuma ya cancanta. Amma a lura da irin karramawar: an sa masa alkyabbar ilimi, an kira shi Dakta, ba a ba shi aji ba. A Jami'ar Wesleyan ta Amurka, tun 1969 wani makaɗin Gana, Abraham Adzenyah, yake koyar da ganga a matsayin malami, ya yi fiye da shekara 40 yana fitowa dandali da ɗalibansa. Shata ya rasu a 1999 ba tare da wani ɗalibin jami'a ya yi zango guda yana koyon kalangu a hannun makaɗansa don a ba shi maki ba.

Kada wannan ya sa a ɗauka cewa ƙasar Hausa ba ta san makarantar kiɗa ba. Ta sani, sai dai ba a harabar jami'a take ba. Ƙungiyar makaɗin fada makaranta ce cikakkiya. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya, ya koma amshi, ya koyi inda ake karɓa da inda ake ƙari, sannan a miƙa masa ganga. Ɗanƙwairo ta wannan hanya ya bi: ya yi wa mahaifinsa amshi, ya yi wa yayansa Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiyar, 'ya'yansa kuma suka taso a bayansa har suka gaje shi da ya rasu a 1991. Wanda ya saurari faifan su Ɗanƙwairo da kyau zai ji yadda jagora ke jefa rabin magana 'yan amshi su cafe su ƙarasa, muryoyi suna shiga cikin juna ba tare da karo ba. Wannan ba ya samuwa sai da gwajin shekaru. Ranar sallah a ƙofar fada, ko ranar naɗin sarauta, ita ce ranar da malami da almajirai ke fitowa tare, jama'a kuma su yanke hukunci nan take, da kyauta ko da shiru.

Wannan makaranta tana rayuwa ne da abu biyu, ubangida mai ciyarwa da taro mai saurare, kuma duka biyun sun raunana. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa raba sarakuna da baitulmali, hakimin da a da yake riƙe da makaɗa goma ya koma jiran albashi. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, tarukan kiɗa suka ƙara ja baya. Sai kuma rashin tsaro na shekarun nan, wanda ya fi tsanani a Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan Ƙaura, inda biki kan zama abin da ake gamawa kafin la'asar don kowa ya isa gida da haske. Matashin da ke da murya a yau ɗakin ɗaukar sauti yake nufa, inda fiyanon lantarki ke kwaikwayon kalangu. Ba na cikin masu zaginsu, suna neman abinci ne a inda yake. Amma kotso ba kalangu ba ne. Baki ɗaya ne a rufe da fata, ɗayan a buɗe, da yatsu ake kaɗa shi, ana matsa tsarkiyarsa don sauya amo, kuma nauyin danƙon da ake liƙawa a tsakiyar fatar yana cikin abin da ke ba shi muryarsa. Babu littafin da zai koya wa hannu wannan.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wata hanya. A 1989 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, mai ajiye kayan kiɗan gargajiya da horar da matasa. Daga can ne Malam Mamman Barka, tsohon malamin makaranta kuma gwanin gurmi, ya tashi a 2002 da tallafin UNESCO ya nufi gaɓar Tafkin Cadi wurin Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne na ƙarshe da ya iya biram, kayan kiɗan masunta Buduma mai tsarkiya biyar. Ya zauna ya koya a hannunsa. Da dattijon ya rasu, biram bai bi shi kabari ba, Barka ya zaga duniya da shi har rasuwarsa a 2018.

A namu ɓangaren, Zamfara tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙauran Namoda tun 1983, tana da jami'ar tarayya a Gusau tun 2013. Jami'ar Bayero ta shirya manyan tarukan ƙara wa juna sani a kan Shata da kuma Narambaɗa a ƙarshen shekarun 2010, masana suka hallara daga ko'ina, aka gabatar da maƙalu masu yawa a kan salo da jigo da falsafa. A irin waɗannan taruka akan gayyato makaɗa su ɗan taɓa kafin a tafi cin abinci, sannan a sallame su a koma zauren muhawara.