Sunan Dillali a Cikin Ƙunshi

Abin da ya jawo wannan rubutu wani ɗan rikici ne da ya faru a gidanmu da ke Gwammaja a watannin baya. Akwai wata 'yar ƙanwata, matar aure, da ta shafe kusan shekara uku tana wata sana'a da 'yan zamani suka raɗa wa sunan Turanci, ni kuwa nake kiran ta dillancin waya. Ba ta da shago, ba ta da sito, ko turmi ɗaya na atamfa ba ta ajiye a ɗakinta. Hoton kaya ake turo mata daga Kantin Kwari, ta ɗora a WhatsApp da Instagram, ta ƙara 'yar ribarta a kai. Wadda ta gani ta yaba sai ta turo kuɗi, ita kuma ta tura wa mai shago nasa, yaron shago ya kai kayan tasha.

A tsakanin Kano da Kaduna da Abuja abin ya tafi lami lafiya. Da ta ga kasuwa ta buɗe, sai ta ce bari ta leƙa ƙetare. Ta samu wata mata a Yamai da ke son leshin anko na mutum ashirin saboda bikin 'yarta, ta kuma samu wani mai kaya a ƙasar Sin da ya ce zai tura kai tsaye, ba sai kayan sun biyo ta Kano ba. Kaya suka isa ana saura kwana huɗu biki. Da aka kwance sai aka ga ba kalar da ke hoto ba ce, ga shi kuma sharara kamar gidan sauro. Mai kaya ya daina amsa saƙo. Matar Yamai kuwa ba ta san kowa ba sai wadda ta karɓi kuɗinta.

Yarinyar nan ta zo wurina ido ya yi ja, ta ce, "Kawu, ni fa ko ganin kayan nan ban yi ba, yaya za a ce ni zan biya?" Na ce mata, 'yata, wannan tambaya taki an amsa ta a garin nan shekara ɗari biyu da suka wuce, a kasuwar da mutum zai iya zuwa da ƙafa daga ƙofar gidan nan.

Kasuwar da nake nufi ita ce Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A watan Janairun 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wani Bature mai suna Hugh Clapperton ya iso Kano ta hanyar Barno, ya shiga kasuwar nan, ya rubuta abin da idonsa ya gani. Daga cikin abin da ya ba shi mamaki har da lema ƙirar Ingila da ya tarar ana sayarwa, wadda ta ratso hamada kafin ta iso. To amma abin da ya shafi zancenmu shi ne dokar da ya tarar a kan tufafi. Ya bayyana cewa duk ƙunshin riga ko turkuɗi da aka saya a Kano, akan rubuta sunan dillalin da ya haɗa cinikin a cikinsa. Idan aka kai ƙunshin Barno ko wata ƙasa mai nisa ba a kwance ba, can aka buɗe aka tarar da kayan ba su kai yadda aka faɗa ba, sai a dawo da su Kano. Dillalin da sunansa ke ciki shi ke da alhakin nemo mai kayan, shi kuma mai kayan dole ya mayar da kuɗi.

Mai karatu ya dubi wannan da kyau. Dillalin nan bai saƙa tufar ba, bai rina ta ba, ba kuma tasa ba ce. Abin da ya ci a ciki la'ada ce kawai. Amma sunansa ne ke tafiya a bayan raƙumi, kuma saboda sunan ne mutumin Barno ya yarda ya biya kuɗin abin da bai kwance ba. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Wannan doka ba ƙaramin aiki ta yi wa Kano ba. Shekara ashirin da bakwai bayan Clapperton, wato a 1851, wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a Kano. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, a lokacin da wuri 2,500 ke daidai da dalar azurfa guda. Tambutu kaɗai, in ji ƙiyasinsa, tana ɗaukar kayan raƙumi 300 a shekara, kuma kayan kan yi zagaye ta Gat da Gadamas a can cikin hamada kafin su gangaro Tambutu. Marinan Kura da na ƙauyukan kudancin birni da suka rina baƙin nan mai ƙyalli ba su taɓa ganin Buzun da zai naɗa shi ba. Tsakaninsu akwai hannun dillali, da na fatoma, da na madugu, kowanne ya san wanda ya miƙo masa da wanda ya miƙa wa. Ba za mu ɓoye ba, ayarin nan da ke ɗauke da tufafi da jar fata yana kore da bayi ma, wannan kuwa tabo ne a tarihin fataucinmu.

Wanda ya taso daga Gwammaja ya bi ta gindin Dutsen Dala ya nufi Kurmi, har yau zai ji wannan tarihi a sunayen unguwanni. Dandalin Turawa mazaunin Larabawan Gadamas da Tarabulus ne, domin a da Larabawan arewa ake kira Turawa. Ga Agadasawa, ga Zangon Barebari, ga Tudun Nufawa, ga Ayagi ta Yarabawa. Duk baƙon da ya zo da kaya akwai gidan da zai sauka. Mai gidan, wato fatoma, shi zai ba shi masauki da abinci, ya adana masa kaya, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an sayi kayansa bashi. Attajirin da ke zaune a Gadamas ba sai ya tako ba, wasiƙa yake aiko wa wakilinsa na Kano, a saya masa fata da hauren giwa da gashin jimina, a sayar masa da yadin Ingila da ya turo.

Haka Kanawa su ma suka yi da suka fita. Fataken goro na Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan ɗaura wa jakuna kanwa da tufafi su nufi Gwanja, kasuwar Salaga a ƙasar Gana ta yau, tafiyar watanni zuwa da dawowa. Na gida da ba zai iya tafiya ba yakan ba da sautu, ko ya ba da jari a raba riba. A kowane zango na hanya akwai Bahaushen da ya riga su zama, ya zama mai masauki. Da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, daga baya kuma yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, kasuwar ta watse, amma tsarin bai mutu ba, ya koma zangunan Kumasi da Ankara da sauran garuruwa.

A nan ne labarin Alhasan Dantata ya shigo. An haife shi a Bebeji a 1877 a gidan Agalawa, ya kuma taso cikin fataucin Gwanja. A wajajen 1906 ya fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, maimakon jiran jaki ya yi wata da watanni a hanya. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, hanyar hamada ta ja baya, a shekarar kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Cikin 'yan shekaru kasuwar gyaɗa ta tashi. A 1918 Dantata ya zama wakilin sayen gyaɗa na kamfanin Neja. A lura, wannan ma wakilci ne: kuɗin kamfani, gyaɗar manomi, masu ci suna Turai. Abin da yake nasa shi ne yaran da ya baza a ƙauyuka, waɗanda ya san iyayensu da gidajensu, da kuma sunan da ya sa ake ba shi kuɗi kafin a ga buhu. A 1929 ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 reshen bankin Ingilishi da ke Kano. Ya rasu a 1955.

Ko bayan samun 'yanci tsarin yana nan. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969. Ya nuna yadda mai shanu daga arewa ke sauka a gidan maigida, dillalan maigida su sayar wa mahauta Yarabawa bashi, idan mahauci ya ƙi biya maigida ne zai biya daga aljihunsa. A ɓangaren goro kuwa, attajiri yana zaune a arewa zai aiko da kuɗi, maigida ya sa a sayo, a tsince, a ɗaure huhu, a ɗora a mota ko jirgi. Ciniki ne na kayan da mai kuɗi bai gani ba, amma akwai idon da ya gani a madadinsa. Kada kuma a manta da dillaliya ta cikin gida, wadda ke ɗaukar zannuwa da kwanuka da sarƙoƙin matan kulle ta zaga da su gida gida. Ita ce kakar duk wata mai ɗora hoton kaya a waya yau.

Saboda haka masu cewa wannan sana'a baƙuwa ce da intanet ya kawo, sun yi kuskure. Abin da zamani ya kawo shi ne sauri. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, aka ƙirƙiro WhatsApp a 2009, Instagram da AliExpress a 2010. Kafin nan ma masaƙun Bompai da Sharaɗa sun yi ta rufewa, 'yan Kwari suka koma sarin Dubai da birnin Guwanzu na ƙasar Sin. Yau yarinya tana zaune a tsakar gida a Gwammaja za ta iya haɗa mai kaya a Sin da mai saye a Yamai ko Landan cikin minti goma. Sai dai saurin nan ya tsallake mutum biyu da kakanninmu ba sa tafiya sai da su: fatoman da zai ga kaya kafin a ɗaure, da hukumar kasuwar da za ta tilasta wa mai kaya ya mayar da kuɗi. Dillalin Kurmi ya san ƙofar gidan masaƙinsa. 'Yar ƙanwata lambar waya kawai ta sani. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Malamanmu na fiƙihu ma tun tuni suka bambanta abubuwan nan. Sun yi hani ga mutum ya sayar da takamaiman abin da bai mallaka ba kamar nasa ne, amma sun halatta wakilci da dillanci a kan lada sananne, sun kuma halatta cinikin salam, inda ake biyan kuɗi a gaba da sharaɗin a fayyace siffar kaya da adadinsu da lokacin bayarwa, nauyin kawowa kuma ya hau wuyan wanda ya karɓi kuɗi. Ke nan tun farko ya kamata mutum ya faɗa wa mai saye matsayinsa: ni wakili ne, ko kuwa ni na ɗauki nauyin kawowa. Mafi yawan rigimar da nake ji a wannan sana'a daga rashin faɗin wannan take tasowa.

Akwai kuma abin da ba ya hannun kowa, wato hanya da kuɗi. Yadda yaƙi ya kashe Salaga, jirgin ƙasa ya kashe ayarin hamada, haka a zamaninmu aka rufe iyakokin Najeriya na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya yanka farashi da naira yau, zai biya mai kaya da dala bayan mako biyu, yana iya wayar gari ribarsa ta zama bashi. Fataken da suka tsira daga irin wannan a da su ne masu mutane a zango fiye da ɗaya, waɗanda in hanya ta toshe suna da wanda za su aika wa ta wata.

Na karanta wa 'yar ƙanwata labarin ƙunshin Clapperton, na ce mata dokar Kurmi ta ce dillali ya nemo mai kaya, ke kuwa kin kasa nemo naki, to nauyi ba shi da inda zai sauka sai kanki. Ba ta ji daɗi ba. Ta sayar da ɗankunnenta na gwal, ta biya rabi, ragowar ta biya a wata biyar. Ba ta bar sana'ar ba, sai dai ta dakatar da cinikin Sin har sai da ta samu wani ɗan unguwarmu da ke zaune a Guwanzu, wanda ke zuwa ya taɓa kaya da hannunsa ya turo mata bidiyo kafin a ɗaure, tana biyan sa la'ada. A Yamai kuma akwai wata 'yar uwar mijinta da kaya ke fara sauka a gidanta, ta kwance ta duba, sannan a kira mai su. Ribar ta ragu, domin yanzu mutum uku ke ci. Matar bikin nan ba ta sake sayen komai a wurinta ba, amma an ce ta daina ambaton sunanta da sharri a cikin dangi, kuma ƙanwarta ta yi odar turmi biyu a ƙaramar sallar da ta wuce.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya tsare mu da cin haƙƙin wani. Mu kwana nan.